Rumfunan Sanƙarau a Bayan Garinmu

Kwanan baya wata farar mota ta hawo dutsenmu ɗauke da 'yan mata masu fararen riguna. Sunka kafa tebur ƙarƙashin itacen bedi na lakwal, makarantar boko, anka yi shela a kawo yara allurar sanƙarau. Ina zaune bakin zaure ina kallo. Mata sunka fito kowace da goyonta, wata tana jan na biyu da hannu, suna hira suna dariya kamar masu zuwa suna. Matar jikana har cacar baki ta yi da maƙwabciyarta a kan wadda ta riga shiga layi. Yaro ya tsandara ƙara, a danna mishi auduga, uwa ta sa mishi nono a baki, shi ke nan an wuce wurin. Kafin rana ta take tsaka sun naɗe kayansu sun gangara Karofane. Ba wadda ta gudu, ba wadda ta ɓoye ɗa. Da na ce wa matan gidanmu a zamaninmu ko sunan ciwon nan ba a faɗa da ƙarfi, sai sunka yi mini murmushin da ake yi wa tsohuwa in ta fara zancen da. Ban ga laifinsu ba. Na dai koma ɗaki na zauna, abin da na daɗe ban taɓa ba ya taso mini.

Garin da nake magana ba wannan ba ne, ko da yake bisa dutse guda suke zaune. Wancan ƙarami ne, ɗakunan laka da darnin kara da rumbuna masu ƙaton ciki. Ruwa yana can ƙasa cikin kwari. Da sanyin safiya za ka ji matan gari sun gangara a jere, tuluna na ƙwanƙwasar juna, igiyar guga na kuka bisa itacen rijiya, shanun Fulani na tsaye suna jiran mu gama. Kafin mu hawo turame sun ɗauka ko'ina, wannan gida ya buga wancan ya amsa, har kana iya gane matar da ke daka daga jin saukar taɓaryarta. Yau injin niƙa guda ya haɗiye duk wannan, in ya tashi ko kukan kurciya ba ka ji. Da rana mu yi sussuka, ƙaiƙayi ya cika mana wuya. Da marece tsofaffi su zauna da mazari suna kaɗi, yara kewaye da su. In kaka ta yi, raƙuman Buzaye su sauko da gishiri da kanwa, su koma da hatsi. Ba mu san wahala muke sha ba, don ba mu ga wani zaman da za mu auna namu da shi ba.

Abu guda ne munka san yana da ɗaci: yara ba su zama. Mace za ta haihu har ta gaji, in ta waiwaya ta ga biyu ko uku ne ke bin ta. Damina ta zo da zazzaɓi da zawo, yaye ya zo da rama da kumburi, ƙyanda ta bi gida gida. Tsofaffi kan ce kada ki ƙirga ɗa cikin naki sai ƙyanda ta gan shi ta bar miki. Wanzami yana cire belu, malam yana ba da rubutu, mai magani yana haƙo saiwa, masu bori suna nasu. Kowa yana iyakar ƙoƙarinsa, kuma har yau ban raina ko ɗaya cikinsu ba, don na ga hawayensu in abin ya ƙi. Amma ƙananan kushewu sun fi manya yawa a bayan gari, kuma mun ɗauka haka Allah ya yi duniya.

Ni 'yar gidan malamai ce daga wajen Urno. Gidan da anka kawo ni kuwa, har lokacin tsohon gidan yana yanka baƙin bunsuru gindin dutse kafin shuka. Maigidana yana salla, uwarsa ba ta yi, kuma ba wanda ya tsangwami wani. Inna nake ce mata. Doguwar mace ce mai kaurin murya, ta binne 'ya'ya da yawa, abin ya bar mata taurin fuska da taushin hannu. Da na haifi ɗan farina anka yaye shi, sai ya koma ɗakinta bisa al'ada. Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba. Ba na faɗin sunansa, ba na ɗaukarsa gaban mutane, ba na yi mishi wasa. In ya faɗi ya kurje gwiwa sai in kau da kai in ce, "Inna, ga naku can shina kuka." Ita ko ta taso da sauri tana cewa, "Wa ya taɓa mini angona?" Iyakar abin da nake yi, in na dama fura in ware ɗan dunƙule mai laushi in aje inda na san hannunsa zai kai.

Mutumin da nake son ba da labarinsa ya fara zo mana ne bayan kaka, bisa doki, da akwati ɗaure a bayan sirdi, gardi biyu, dogaran Nasara, na biye da shi. Anka ce lamba ya zo yi wa yara, tsagar rigakafin agana. A lokacin duk abin da ya fito daga wajen Nasara ɗauka yake zuwa yi: ya ɗauki hatsi, ya ɗauki samari aikin hanya, ya ɗauki yara lakwal. Wa zai yarda wannan bayarwa ya zo yi? Gari ya watse. Wasu sunka kora yaransu cikin duwatsu, Inna kuwa ta cusa ɗana cikin rumbu ta rufe. Ina bayan darni ina leƙe lokacin da sunka shigo gidanmu. Gardi ya daka tsawa, Inna ta ce gidan nan ba yaro. Ba ta rufe baki ba sai ga atishawa daga cikin rumbu, wata na bin wata.

Mutumin ya ce wa gardin su jira shi waje. Siriri ne, baƙi, da farar riga mai aljihu. Ya duba bai ga abin zama ba, sai ya zauna bisa turmin da anka kife. Tsoro ya bar Inna nan take.

"Kai, tashi! Wa ya gaya maka ana zama bisa turmi?"

Ya yi tsalle ya miƙe yana ba da haƙuri, ya tsuguna ƙasa. Bazabarme ne daga yamma, Hausarsa a karkace take, mace ma wani lokaci "shi" yake ce mata. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna wa Inna tabon da ke damtsensa.

"Inna, ni ba yaro na zo ɗauka ba. Dibi nawa. Ina da ɗiya can garin Buza, sa'ar wanga mai atishawa. Da hannuna na yi mata."

"Ɗiyar cikinka?"

"Ta cikina."

Inna ta daɗe tana dubansa, sannan ta je ta buɗe rumbu ta fiddo yaron, fari fat da ƙura, idanunsa jajur. Mutumin bai ɗauko ƙarfensa ba tukuna. Ya hure mishi ƙaiƙayin fuska, ya nemi ruwa ya wanke mishi ido, ya ba shi murfin akwati yana bugawa. Yaron na cikin wasa anka yi tsagar, bai ankara ba sai da ta wuce. Ya ce wa Inna idon yana son wanki da dafaffen ruwa safe da yamma, kuma kada a bar ƙuda su zauna mishi. Inna ta ce, "To, Likita." Ya ce shi ba likita ba ne, anfirmiye ne, mai jinya, lokotoro, babban likita, yana can Tawa. Duk da haka Likita munka ci gaba da ce mishi. Da agana ta ratso ƙasarmu daga baya, ta tsallake yaran da ke da lamba, mutane sunka lura, ko da ba su faɗa ba.

Sai shekarar da Nasara ke yaƙi can ƙasarsu, anka toshe hanyar ƙasar Ingilishi, tufafi sunka yi wuya har mace mai zane guda sai ta wanke shi ta jira ya bushe. An ɗauki maigidana aikin hanya wajen Madawa. Bazara ta yi zafin da duwatsu ke ƙuna ta cikin takalmi. Ɗan maƙeri ciwon ya fara kamawa. Da safe yana wasa, da hantsi ya ce kansa, kafin la'asar wuyansa ya sandare ya lanƙwashe baya, washegari anka rufe shi. Sai ƙanwarsa. Sai gidan da ke kusa. Ba a cewa sanƙarau, sai dai a ce baƙon nan ya shiga gidan wane. Turame sunka yi shiru, don mai daka tana jinya ko tana makoki. Ba abin da kake ji sai goge daga gidan masu bori, da karatun malamai, da kukan da ke tashi nan ya faɗi can. Mai gari ya tura mahayi Buza.

Likita ya zo, wannan karon ba gardi. Ya sa mazan da sunka rage sunka kafa rumfuna na zana a bayan gari, ƙarƙashin itatuwan gawo, tunda su ne masu inuwa da rani. Ya ce duk yaron da ya kamu a kai shi can, mutum guda ya zauna da shi. Ya ce a bar cunkushewa ɗaki guda, a bar taro, a buɗe ƙofofi iska ta shiga. Mutane sunka ce wanda anka kai rumfa ba ya dawowa. Akwai gaskiya a ciki, don da yawa sai sun kusa cikawa ake kai su.

Ranar da ta zo kanmu, na aje dunƙulen fura inda na saba, na dawo na iske shi ba a taɓa ba. Yaron yana kwance ɗakin Inna, ya rufe ido da hannu, ba ya son haske. Inna ta ɗaura mishi laya, ta turara ɗakin, ta aika a kira mata mai bori. Ina tsakar gida da taɓarya a hannu ina jin kukansa, wani siririn kuka da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Da azahar na kasa. Na shiga ɗakin da ban taɓa shiga ba sai an kira ni, na ga kansa ya fara komawa baya.

"Inna, a kai shi rumfa."

Ta ɗago ta dube ni kamar ba ta san ni ba. "Waɗanda anka kai jiya, ina suke?"

"Wasu na nan da rai, Inna. Na gida fa, wa ya rage?"

Ta duƙa ta sungume shi, ta ce in ɗauko tabarma.

Likita ya tarbe mu bakin rumfa. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya sa hannu ƙarƙashin ƙeyar yaron ya ɗan ɗaga, yaron ya ƙwalla ƙara. Ya dubi Inna, wadda tafiyar nan kaɗai ta sa tana haki, ya ce mai zama da yaron sai mai ƙarfin ɗagawa da juyawa da hana ido barci.

"Ina uwatai?"

"Ga ta nan. Amma ɗan fari ne."

"Inna, ku bar kunya ta jira ku gida. In ya tashi ku koma ma al'adarku, ni ba ruwana. Yanzu hannun uwa nike so."

Na sunkuyar da kai, ga mata cike da rumfuna suna ji. Inna ta kwance majanyin da take goya shi da shi, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Amshi. Ni ban gani ba." Ta juya ta nufi gari.

Abin da ya fara yi shi ne ya sa ni na naɗe yaron a jikina, gwiwa ga ƙirji, ya soka doguwar allura a gadon bayansa. Ruwan da ya ɗigo ba garau yake ba, kamar ruwan tsarin gero. Ya gyaɗa kai. Ya ɗauko farar ƙwaya ya murƙushe ta cikin cokali da ruwa, ya nuna mini yadda zan ɗiga ta gefen baki in haƙora sun datse, in shafa maƙogwaro har ya haɗiye. "Kaɗan kaɗan," in ji shi. Kalmar da ke bakinsa ke nan kullum, har mata sunka riƙa kwaikwayonsa. Ruwa kaɗan kaɗan, kunu kaɗan kaɗan. A jiƙa tsumma a shafa jiki, a juya shi kada gefe guda ya yi gyambo, in ya ɓata shimfiɗa a wanke nan take a kai nesa a binne. Maganin bai da yawa, saboda yaƙin, yana ɓalla ƙwaya gwargwadon girman yaro yana tattala ko garin da ya maƙale a cokali. Ya fita wannan rumfa ya shiga waccan, butar dafaffen ruwa a hannu, yana wanke hannuwansa har fatar ta tsattsage. In yaro na firgita ya tsuguna ya yi mishi wata waƙa da harshensu. In uwa ta gaji har cokali na faɗuwa, ya kira ta rumfar kusa ya ce ta kama mata. In yaro ya cika, ba ya sulalewa ya bar uwar. Yana tsayawa tare da ita har mazan su zo.

A rumfar nan na fara kallon ɗana da ido biyu, ba da gefen ido ba. Ashe yana da tawadar Allah bayan kunne. Ashe yatsun ƙafarsa na babana ne. Na riƙe shi, zafin jikinsa na ratsa zanena, na duƙa na kira sunansa a hankali, karon farko tun da anka raɗa shi. Bai buɗe ido ba.

Wata rana da hantsi Likita yana tsugune bakin rumfarmu yana murƙushe ƙwaya, sai ga wani mutum bisa jaki daga Buza. Ya sauka ya tsuguna gefensa ya yi magana ƙasa ƙasa. Na ga cokalin ya tsaya.

"Yaushe?"

"Jiya da la'asar. An rufe ta."

Ya ƙarasa murƙushe ƙwayar. Ya zuba ruwa, ya miƙo mini, ya ce, "Ba shi." Sannan ya tashi ya zaga bayan gawo, ya tsuguna, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Ɗiyarsa ce, wadda ya ce sa'ar ɗana. Ciwon ya shiga Buza bayan fitowarsa. Mai gari ya zo ya ce ga dokinsa, ya hau ya je ya ga iyalinsa. Ya girgiza kai.

"In na tahi, ƙasa zan iske. Nan akwai masu numfashi." Can ya sake cewa, kamar da kansa yake, "Na bar ma uwatta magani. Amma ban nuna mata yadda ake yi in haƙora sun datse ba."

Inna kullum tana kawo mini fura ta aje a bakin iyakar da Likita ya shata, ba ta tsallakewa. Ran nan ta ji abin da ya faru, ta tsallake. Ta je har bayan gawo ta dire ƙwaryar gabansa.

"Sha, ɗana."

"Inna, ba ni iyawa."

"Kai ne ka ce muna kaɗan kaɗan. Sha."

Ya kurɓa. Ya wanke fuska, ya wanke hannu, ya ɗauki butarsa ya shiga rumfar da ke gaba.

Ɗana ya tashi. Wuyan ya saki sannu a hankali, zafin ya sauka, wata safiya ya buɗe baki ya ce fura. Ruwan fari ya sauka, ciwon ya janye kamar an kira shi. Anka kwance rumfuna anka ƙone zanannun. Gidan da ba a yi zaman makoki ba a garinmu, da yatsa ake nuna shi. Likita ya ɗaure akwatinsa ya gangara, mata na bin bayansa har bakin kwari, ba waƙa ba guɗa, bi kawai. Munka koma gida, Inna ba ta karɓi majanyinta ba, ni kuma ban miƙa ba.

Murnarmu ba ta daɗe ba. Wata la'asar hadari ya haɗo, anka saki tsawar da ta sa awaki tsinke igiya, yaran gida duk sunka ruga ɗaki suna kururuwa. Shi yana zaune tsakar gida yana jera tsakuwa, ko gezau bai yi ba. Inna ta lallaɓa bayansa ta buga ƙwarya da muciya. Bai waiwayo ba. Ta zauna daɓas a ƙasa.

Ranar kasuwa munka goya shi zuwa Buza. Ɗakin maganin na dutse ne, ƙarami, warin magani ya cika shi, mata zaune a inuwa da yara masu gyambo da ciwon ido da tari. Likita ya gane mu. Ya leƙa kunnuwan, ya zaga bayansa ya tafa hannu, ya buga gwangwani. Sannan ya jawo benci ya ce mu zauna.

Inna ta ce, "Yi mishi allura, Likita. Wadda ta fi zafi ma yi mishi."

"Ba ni da ita, Inna. Lokotoron Tawa ma ba shi da ita. In na ce maki akwai, ƙarya na yi maki. Kunne ya tahi. Amma hankalinai na nan, idonai na nan."

Bai sallame mu da wannan ba, ko da yake layi na jiransa. Ya tsuguna daidai tsawon yaron ya nuna mana. In za ki yi mishi magana, zo ta gabansa ya ga bakinki. Ɗora hannunsa ga maƙogwaronki ya ji motsin murya. Kalmomin da ya riga ya iya, ku riƙa sa shi faɗi, kada su zube. Kada a bar shi shi kaɗai bakin rijiya ko kan hanyar dawaki, don ba ya jin abin da ke tafe bayansa. Kada a bar yara su maishe shi abin jifa, kuma kada a zaunar da shi kamar mara amfani, a ba shi aiki kamar kowa. Ya ce jikinsa ya zube, a ƙara mishi nono da wake, mu riƙa kawo shi ranar kasuwa yana dubawa. Yau in yaro ya kurumce an ce akwai lakwal ɗinsu a birni. Mu wannan zaman bisa benci shi ne lakwal ɗinmu, kuma da shi munka rene shi.

A zuwanmu na gaba ya kai mu bayan ɗakin maganin inda yake zaune da matarsa. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ta dubi yaron, ta miƙo hannu biyu. Na sauke shi na ba ta. Ta ɗora shi bisa cinya ta sa hancinta cikin sumarsa, ta daɗe a haka, kafaɗunta na motsi. Daga ranar, duk zuwanmu tana aje mishi wani abu, ƙosai ko 'yar dabino, su zauna suna magana da hannu, tunda ita ma a garin nan kamar kurma take.

Wata kasuwar munka iske an ɗaure kaya, raƙumi na durƙushe ƙofar gida. An ɗauke shi zuwa wata ƙasa can gabas. Matar ta kama hannun Inna ta ja mu, mijin na biye, har gefen maƙabarta inda ake rufe baƙi. Ta tsaya gaban wani ɗan tudun ƙasa da ruwan sama ya fara zaizayewa, ta yi magana da harshensu. Shi ya fassara, idonsa a ƙasa.

"Ta ce mu baƙi ne. Za mu tahi mu bar ta ita kaɗai, ba mai sa mata ko ƙaya saboda kura."

Inna ta duba gefe, ta ɗauko dutse da hannu biyu, ta aza shi bisa tudun ta danna.

"Gaya mata ɗiyatta ba baƙuwa ba ce. Tana da kaka bisa dutse."

Ba mu sake ganinsu ba, ba mu sake jin labarinsu ba. Inna ta cika alkawari. Duk ranar da ta ci kasuwar Buza sai ta ratse ta saro ƙaya, ta gyara duwatsun da damina ta ture. Malamai sun ce mata mace ba ta zuwa kushewa, ta ce su bari sai ta fara salla su gaya mata. Da ƙafafunta sunka gaza, ni na ɗauka, ɗana na ɗauko mini duwatsun. Na ba shi labarin da hannu, ya gane. Ya girma ya zama manomi, ya iya tufkar igiya da ba a samun irinta a kasuwa, ya yi aure ya haifi 'ya'ya masu ji. Da furfurarsa ya rasu, ya riga ni, kuma har ya koma ga Allah in zai kira ni da muryar ƙaramin yaro yake cewa inna, don ita ce muryar da ya sani.

Tsufa ya hana ni Buza shekaru masu yawa. Bara da anka kai ni duba ido, na ɗauki ɗan dutse daga ƙofar gidanmu na ƙulle a bakin zane, na ce wa jikana ya bi da ni gefen tsohuwar maƙabarta. Gari ya ci wurin. Katangun siminti ne ko'ina, da lunguna, da wata rumfa inda samari ke sa wa wayoyi wuta. Munka zaga munka sake zagawa. Aduwar da nake shaida wurin da ita babu ita. Na tambayi wani yaro ko ya san inda ake rufe baƙi a da, ya ce shi tun da ya tashi haka ya ga unguwar. Jikana ya ce, "Kaka, wace ce wai? Faɗi sunanta mu tambayi manya." Sunan uban ban taɓa sani ba, Likita kawai. Na yarinyar kuwa sau ɗaya uwar ta faɗa, cikin kuka, da harshensu, kunnena bai riƙe ba.

Na kwance bakin zanena, na duƙa da ƙyar na aje dutsen gindin katangar da zuciyata ta fi kwanciya da ita, na yi mata addu'a. Daga ni ba sauran wanda ya san akwai yarinya a wurin. Na ce wa jikana ya kama hannuna mu tafi.